Kaskon Suyar Dankali a Ƙasar Arewa

Idan sanyi ya fara ja da baya, wajen watan Fabrairu zuwa Maris, duk wanda ya ratsa kasuwar Dogon Dutsi zai tarar da dankalin Turawa tsibi-tsibi, wanga da muke kira kwambitar. Lokacin ne masu lambu ke haƙarsa gaba ɗaya. Kuɗinsa yakan faɗi, manomi yana alla-alla ya rabu da shi tun zafin bazara bai ruɓar masa da shi ba. Lokacin ne kuma mata ke ɗora kasko, wasu don yaran gida, wasu don su sayar a bakin tasha ko ƙofar lakwal. A fere shi, a yanka siri-siri, a soya, a barbaɗa gishiri da yaji. Firit ke nan.

Bara war haka ƙanwata ta kwashi adashi, ta zo ta same ni. Ta ce, "Yaya, suyar firit nake so in fara. Akwai wata tukunyar lantarki da wani ɗan kasuwa ya kawo daga Yamai, kuɗinta daidai da abin da na kwasa. In saye ta, ko in tafi wurin maƙeri?" Ban ba ta amsa nan take ba, don wata goma ta yi tana zubi, kuma in kuɗin sunka tafi ba su dawowa. Na ce ta ba ni kwana biyu. Da na zauna ina tunani sai na ga kowane kasko da ke kasuwarmu yau yana da zamanin da ya haife shi, kuma wanda ya san zamanin ya san abin da kaskon ya iya da abin da bai iya ba. Shi ne na ce bari in rubuta, ko wata ta amfana.

Mu fara da sunan kansa. Kasko a asali abin laka ne. Har yau muna cewa kaskon wuta, muna cewa kaskon turare, kuma duk maginan tukwane ke gina su. Kakanninmu na Matankari da Bagaji da Lugu da Tibiri mutanen gero ne da wake. Tuwo da fura ba su bukatar suya. Mai kuwa abu ne mai daraja ƙwarai: man shanu daga hannun Fulani, man kaɗe daga kudu wajen Gaya, man ja sai abin da fatake sunka ɗauko daga kurmi. Matar da ke auna mai da ɗan ƙaramin ludayi ba ta cika kasko da shi. Don haka tanda ta fi dacewa da wancan zamani, tunda kowane gurbi ɗigon mai kaɗan yake so, masa ta gasu rabi ta soyu rabi. Mai ƙosai ce kaɗai ke zuba mai har abu ya yi iyo a ciki, ita ma cikin ƙaramin kasko, tana tsamewa da tsinke ɗaya bayan ɗaya.

Kaskon laka yana da halinsa na kirki. Yana da nawar ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ya riƙe. Aibinsa biyu ne. Na farko, laka tana shan mai, sabon kasko sai ya sha ya ƙoshi kafin ya bar wa mai shi saura. Na biyu, yana tsagewa, kuma ba ya sallama kafin ya tsage. Kaskon da ya fashe bisa wuta da mai a cikinsa, ba asarar mai kaɗai yake jawowa ba.

To, me ya hana su yin kaskon ƙarfe, ga maƙera a kowane gari? Tsada. A da ƙarfe daga tama ake samunsa. Sai an haƙo dutsen, an sare itace an yi gawayi mai yawa, an gina murhun narki, an kwana ana tsaron wuta, sannan a samu dunƙulen da bai taka kara ya karya ba. Wanga ɗan ƙarfe kuwa hauya ke jiransa, da gatari, da mashi, da kan kibiya. Ba wanda zai shimfiɗa shi faffaɗa don a soya ƙosai. Maƙwabtanmu na Adar sun daɗe suna wagga sana'a. Cikin shekarun 1960 wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki maƙeransu a fim suna narka tama, lokacin sana'ar tana gab da ɓacewa, don tarkacen ƙarfen Turawa ya riga ya cika kasuwa.

Yanzu mu bar Arewa tukuna, mu bi sawun dankalin, don shi baƙo ne daga nesa. Asalinsa duwatsun Andes na Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya na yau, inda anka yi dubban shekaru ana nomansa. Mutanen Sifen sunka kai shi Turai wajen shekarar 1570. Faransawa sun daɗe suna ƙyamarsa, suna cewa abincin dabbobi ne, har suna zargin yana sa kuturta. Wani mai haɗa magunguna, Parmentier, wanda ya rayu daga 1737 zuwa 1813, shi ya tsaya tsayin daka ya nuna musu abinci ne, don shi kansa da shi anka ciyar da shi lokacin da yake fursunan yaƙi a hannun Jamusawa. Daga ƙarshen ƙarni na 18 mata masu talla sunka fara soya shi a titunan Paris. Wajen shekarun 1840 sana'ar ta kai Beljiyam, masu rumfuna a wuraren biki sunka riƙe ta. Har yau Faransawa da mutanen Beljiyam suna gardama a kan wa ya fara, mu kuwa ba ruwanmu da wagga shari'a. Abin da ya shafe mu shi ne dabarar da mutanen Beljiyam sunka shahara da ita: suna soya shi sau biyu, cikin kitsen shanu.

Ku tsaya nan, don duk zancen kasko a kan wagga dabara ya rataya. In ka raba dankali kashi biyar, kusan kashi huɗu ruwa ne. Suyar farko, cikin mai mai matsakaicin zafi wajen digiri 150, ita ke dafa cikinsa. A tsame a bar shi ya huce. Suya ta biyu, cikin mai mai zafi wajen digiri 175, ita ke busar da bayansa ya yi ƙaras-ƙaras. Amma duk sanda anka zuba ɗanyen dankali mai sanyi cikin mai, zafin man yakan faɗi nan take. In kaskon yana da kauri, kuma man yana da zurfi, zafin da sunka tara yana mayar da abin da ya tafi da sauri. In kaskon shafal ne kamar ganye, man kuma kaɗan, sai dankalin ya kwanta cikin mai mai ɗumi yana sha. Ya fito langaɓaɓɓe, mai saye ya yi tsaki, mai suya kuwa ta ga litar da ta zuba ta ƙare ba ta san inda ta bi ba. Cikin dankalin ta bi.

Sojojin Faransa sun ratsa ƙasarmu a 1899, shekarar da rundunar Voulet da Chanoine ta gwabza da Sarauniya a Lugu. Bayan sun kafa mulki sunka yi barikoki, da lambuna, da kukunsu. Ta nan dankalin ya shigo, kuma sunansa ma shaida ne: kwambitar daga Faransanci muka aro shi, wancan kuma na dankalin Turawa ya faɗi masu shi ƙarara. Shekaru da yawa abincin gidan kwamanda ne da na manyan ma'aikata. Talaka yana da dankalinsa na Hausa mai zaƙi, yana dafawa ko ya gasa cikin toka.

Abu biyu sunka sauya suya a ƙasarmu, kuma hanya ɗaya ta kawo su, wato hanyar mota. Na farko gyaɗa. Ita ma asalinta Amurka ta Kudu ce, amma ta daɗe a ƙasar Hausa. Zamanin Turawa ne nomanta ya bunƙasa, saboda kamfanoni suna saye, talaka kuma yana neman kuɗin haraji. Bayan samun ƴanci anka kafa SONARA a 1962 don cinikinta, kuma cikin waɗancan shekaru gyaɗa ce babbar abin da Nijar ke fitarwa waje. Maradi da Damagaram ne uwayen abin, amma kudancin Arewa ma ya noma. Ba dukkanta ke hawa mota ba. Mata sunka riƙa soyawa, su daka, su matse, su fitar da mai, su yi ƙuli-ƙuli da tunkuza. A karo na farko mai ya yi arahar da za a iya cika kasko da shi.

Na biyu tano, wato gangar ƙarfen nan mai cin lita 200 da ake kawo fetur da kananzir da kwalta a ciki. Da ita, da tsofaffin motoci, ƙarfe ya zama abin tsinta. Maƙeri ya yanke gindin tano, ya ɗora shi bisa rami ko bisa tsohon turmi, ya yi ta bugu da guduma har ya lotsa ya yi zurfi, ya nannaɗe bakin, ya kafa masa hannu biyu. Ya ɗauki wani guntun kuma, ya huhhuda shi da ƙusa, ya sa masa doguwar mariƙa, ga matsami ya samu. Wanga kasko shi ne wanda kowa ya tashi ya gani gaban mai ƙosai, baƙi ƙirin, gindinsa kamar ƙwarya. Kada ku raina wagga siffa. Tunda gindin a zagaye yake, mai kaɗan yana taruwa a tsakiya ya yi zurfi, bakin kuma yana da faɗin da kumfa za ta tashi ba ta zuba ba. Da shi anka soya ƙosai, da dankalin Hausa, da doya, da kifi, tun kafin talaka ya ɗanɗana firit. Ashe kafin baƙon ya iso, an riga an share masa masauki.

Sai dai ba kowane tano ke zama kasko ba. Wanda anka zuba maganin ƙwari ko maganin fara a cikinsa, ko an ƙona shi an wanke, ba abin dafa abinci ba ne. Haka kwanon rufi mai sheƙi, don abin da anka shafe shi da shi yana tashi in ya sha wuta. Maƙerin kirki ya san wannan, amma ki tambaye shi, tambaya ba ta ɓata ciniki.

Arahar man gyaɗa ba ta dawwama ba. Farin 1973 ya buge ta, a 1975 kuma cutar da ke nannaɗe ganyenta ta ƙarasa abin da fari ya rage. Noman gyaɗa bai koma matsayinsa na da a cinikin waje ba. Yau yawancin man da ake suya da shi a kasuwanninmu cikin jarka yake zuwa, man kwakwar manja ne da anka tace a masana'anta, daga Maleshiya da Indonesiya da Kodebuwa. Man gyaɗar mata yana nan, ya fi ƙamshi, ni kam shi na fi so, amma ya fi tsada, kuma da yake ba a tace shi sosai ba ya fi saurin yin hayaƙi in wuta ta yi yawa. Ko wane iri ne, mai shi ne jarin mai suya. Kasko sau ɗaya ake saye, mai kullum ne.

Bayan ƙarfen tano sai alminiyam ya zo. Wata malamar tarihi ta jami'ar Shikago, Emily Osborn, ta bi sawun wagga sana'a, ta nuna cewa bayan yaƙin duniya na biyu, wato daga 1945, ta bazu daga Senegal zuwa sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, yaro ya koya wurin ubangidansa, ya tashi ya tafi wani gari ya kafa tasa. Sirrin abin a zafi yake. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai ya haura digiri 1,500, alminiyam kuwa a digiri 660 yake zama ruwa, abin da gawayi da zuga-zugi za su iya. Ana tara gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan inji, a narka, a zuba cikin gurbin da anka danna a yashi, tukunya ta fito da lambarta a jiki. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake yi. Da anka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje sunka yi tsada, masu zubin gida sunka ƙara samun kasuwa.

Kaskon zubi yana da kauri, zafi yana bin jikinsa ko'ina daidai, ba ya tsatsa. Don suya kam ba shi da laifi. Amma akwai wata magana da ya kamata mu sani. Mukan ce masa kaskon dalma, alhali dalma ta ainihi wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi, mai guba, irin wanda ke cikin batirin mota. Ita ce ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010, can kuwa daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito. To, tarkacen da ake narkawa wani lokaci yana ɗauke da ita. A 2014 masu bincike sun gwada tukwanen zubi na Kamaru, sunka tarar da dalma tana fita daga jikinsu, a 2017 kuma anka sake gwaji da tukwanen ƙasashe goma, anka ga abin ba na Kamaru kaɗai ba ne. Da ruwa mai tsami anka yi gwajin, don tsami ne ke cin jikin tukunya. Ke nan miyar yakuwa da ta tumatir da kunun tsamiya sun fi mai jawo ta. Duk da haka, matar da za ta ciyar da ƴan lakwal kullum, in ta samu baƙin ƙarfe mai kauri, hankalinta ya fi kwanciya.

Har zuwa nan muna da kasko, muna da mai, amma dankalin bai zama na kowa ba. Yunwar 1984 ce ta kawo wannan. A shekarar, da damina ta ƙi, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su koma noman rani duk inda ruwa ke kusa. Mu kuwa muna zaune bisa Dallol Mawri, tsohon kwarin da ruwansa ke kwance ƙarƙashin yashi, a wasu wurare gaba kaɗan za ka haƙa ka same shi. Lambuna sunka yawaita a bakin tabkuna da fadamu, tun daga Tabkin Saw na Dogon Dutsi har zuwa wajen Kore Mai Ruwa da Tibiri da Gesheme. An fara da salati da kabeji da tumatir da albasa. Dankali ya biyo baya, don ƙasa mai yashi da sanyin hunturu sun karɓe shi. Bankuku ta ƙasar Filinge da lambunan Abzin sun riga mu suna, amma Dutsi ta bi sahu, da ƙoƙarin ƙungiyoyin masu lambu, da taimakon abokan ƙawance irin mutanen garin Orsay na Faransa a kan ruwa da iri da wurin ajiya. Irin yawanci daga Turai ake kawo shi. A shuka a Nuwamba ko Disamba, a haƙa bayan wata uku. Da ya yi yawa ya yi araha, sai mai ƙosai ta ga ba abin da zai hana ta jefa shi cikin kaskonta.

A shekarar nan dai ta 1984, cikin watan Mayu, anka yi babban taro a Maradi kan yaƙi da hamada. Itace ya fara wuya, murhun duwatsu uku kuwa yawancin zafinsa iska ke kwashewa. Cikin waɗancan shekaru anka yaɗa murhun Albarka na laka da murhun ƙarfe Mai Sauƙi, wanda ke rungume gindin tukunya ya tare wuta. An yi su don tsimin itace, amma mai suya ta samu wata riba da ba a faɗa ba: kasko yana zama daram. A kan duwatsu uku, kasko mai zagayayyen gindi yana jiran ɗan akuya ko yaro mai rarrafe ya taɓa shi kawai. Na taɓa gani da idona a maƙwabtanmu, ina yaro. Dutse ɗaya ya goce, mai ya bi ƙafar yarinyar da ke zaune tana jiran ƙosai. Yau ta yi jikoki, tabon yana nan. Tun daga ranar, in na ga ana ciniki a kan kasko ba a yi zancen murhu ba, sai in ga rabin ciniki anka yi. Mai Sauƙi da lamba ake ƙera shi daidai da girman tukunya, don haka a tafi da kaskon wurin maƙeri, a ɗora a gani.

Gas ya daɗe a manyan birane, amma bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a watan Nuwamba na 2011 ne tulun gas ya fara shiga gidajen talakawa. Yana da kyau ga firit, don da ɗan murɗi kake rage wuta ko ka ƙara, abin da suya biyu ke bukata. Amma ƙaramin tulu mai kilo 6, wanda murhunsa ke ɗaure a kansa, dogo ne siriri. Ka ɗora masa faffaɗan kasko cike da mai, ka yi hasumiya. Sai dai a sa maƙeri ya ƙera masa ƙafafun da za su ɗauki nauyin.

Akwai kuma kaskon kanti mai baƙin shafe wanda abinci ba ya kamawa, irin wanda kamfanin Tefal ya fara yi a Faransa a 1956. Don wainar ƙwai ne a kan ƙaramar wuta. Ba shi da zurfi, shafensa yana lalacewa in zafi ya haura digiri 260, harshen itace kuwa bai san lissafi ba, matsamin ƙarfe kuma yana kankare shi cikin mako guda. Kwanon sha mai fenti da ɗan langa su ma a bar su wurin zuba abinci.

To, mun iso ga tukunyar da ta ɗauke hankalin ƙanwata. Gaskiya a faɗe ta, ba abin banza ba ce. Tana da wata na'ura a ciki mai yanke wuta in mai ya kai zafin da anka sa mata, don haka man ba ya ƙonewa, ba ya kamawa da wuta. A Ingila, inda buɗaɗɗiyar tukunyar suyar dankali ta daɗe tana cikin manyan abubuwan da ke jawo gobara a gidaje, masu kashe gobara sun yi shekaru suna roƙon mutane su koma ga ta lantarki. A 2010 kuma kamfanin Philips ya fito da wata mai gasa dankali da iska mai zafi, da mai cokali ɗaya. Amma kowane kaya da ƙasar da anka yi shi dominta. Irin wagga tukunya tana jan wajen wat 2,000, wato daidai da ƙananan ƙwayayen fitila 200 masu wat 10 a kunne lokaci guda. Ƙaramin faifan hasken rana na gida ba ya ɗaukarta. Wutar ƙasarmu kuwa tun 1976 ake jawo wani kasonta daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa ya tuna yadda anka yanke ta daga Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024. Ta gida lita biyu ko uku take ci, dankali wajen kilo ɗaya a zubi, ba ta isar layin yara lokacin tara. Ba ta zuwa bakin tasha. In wayar cikinta ta ƙone, ba maƙerin da zai buga mata faci. Ga ma'aikacin da ke da mita a gidansa, yana son yaransa su ci firit ranar hutu, ta yi. Ga wadda adashinta ke nan gaba ɗaya, na ce mata a'a.

Ranar kasuwa munka tafi tare wurin maƙera. Ta ɗaga kasko uku, ta ajiye biyu don ba su da nauyi. Na ukun ta ƙwanƙwasa shi, ta ji muryarsa a dushe ba ta yi ƙarar gwangwani ba, ta zuba ruwa ta ga ba ya yoyo a gindin hannuwa. Ta duba zurfin, don doka ita ce mai kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kasko, sauran wurin na kumfa ne. Ta sayi matsami mai doguwar mariƙa, da gwagwar ƙarfe ta tsane mai, don ta roba narkewa take, da rariya ƙarama ta tace mai kowace yamma, saboda ɓurɓushin da ya ƙone shi ke baƙanta shi. Ta sa anka yi mata faifan ƙarfe da zai rufe bakin kaskon ruf. Maƙerin ya yi dariya, ya ce ai ba a rufe suya. Ba don suya ba ne. In mai ya kama da wuta, murfi ake ɗorawa a janye itace. Ruwa kuwa ko kusa, don ludayi ɗaya in ya faɗa cikin tafasasshen mai yana zama tururi mai girmansa wajen sau 1,700, ya watsa wutar har rufin ɗaki. Don haka ma ake tsane yankakken dankali da tsumma mai tsabta kafin a zuba.

Ma'aunin zafi bai cikin kayan da ta saya. Tsohuwar dabara ta isa: a jefa yanka ɗaya, in ya nutse ya yi shiru mai bai yi ba, in ya taso nan da nan yana kumfa ya yi, in hayaƙi ya fara tashi an wuce. Na dai ƙara mata abu ɗaya da iyayenmu ba su sani ba. A 2002 masu bincike a Suwidin sun gano cewa dankalin da anka soya har ya yi duhu yana haifar da wani sinadari mai suna akirilamid, wanda ake jin tsoron yana da hannu a ciwon daji. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2017 ta ce kada zafin suyar ya wuce digiri 175, a tsame shi yana ruwan zinariya. Dankalin da ya kwana cikin firji yakan yi zaƙi ya yi saurin duhu, don haka inuwa mai iska ta fi masa. Gishiri kuma a faranti ake barbaɗawa, ba bisa kasko ba, don yana gajiyar da mai.

Sabon kaskon ta goge shi da toka da yashi, ta wanke, ta ɗora a wuta ya bushe, ta soya albasa da ɗan mai ta zubar, sannan ta shafe shi da mai ta kife. Kaya duka da murhu ba su ci rabin adashin ba. Da sauran ta sayi jarkar mai da buhun dankali daga hannun wani mai lambu. Ta yi ta suyar firit har zafi ya tsananta, dankalin gida ya ƙare, wanda ake kawowa daga nesa kuma ya fi ƙarfin kuɗin ƴan lakwal. Daga nan ta jiƙa wake, ta koma ƙosai da dankalin Hausa cikin kaskon nan dai, tana jiran masu lambu su sake haƙa.